Mujallar da Ta Biyo Inji

Ban saye ta ba, ba a kuma ba ni kyauta ba.
Cikin akwatin injin mota ta zo daga Japan,
an cusa ta don kada ƙarfe ya ci ƙarfe.
Kawu Jabbi ya zaro ta zai goge hannu,
na ce, "Dakata, Kawu, akwai mutane ciki."

Daga dama take buɗewa kamar littafin ajami,
rubutunta na zubowa daga sama
kamar indararo a tsakiyar damina.
Ban karanta ko harafi ba,
amma ɗinki ba ya neman tafinta.
Na ga aljihu inda ba a sa aljihu,
wuyan riga ya karkace da gangan,
'yan mata da safa har gwiwa
suna dariya, baƙin mai a kumatunsu.

Shekara goma sha tara tana ƙarƙashin kekena a Mabera.
Daga shafi na arba'in na sato hannun riga
na ɗora wa atamfar Inno ta sallah.
Unguwa ta yi mako tana gulma,
mako na biyu ta kawo yadi.

Jiya Tumba, 'yar yayata, ta haska ta da waya,
zanen ya juye ya zama magana.
Ta bi sunan kamfanin tana karanto mini:
wai da ɗaki guda suka fara,
injin aro, takardar bashi.
Sai yara suka daina jiran manya su zaɓa musu,
masu hoto suka fantsama titi suna tare su,
"Wa ya ɗinka miki? Nawa kika saya?"
Mujalla ta haifi mujalla,
ɗaki ya zama bene hawa tara.
Sannan waya ta zo.

Tumba ta dubi abin da ke hannunta.
"Sun rufe, Inna. Har benen an sayar."

Aka ɗauke wuta, na koma taka keke da ƙafa.
Yarinyar shafi na arba'in
ta kai shekaruna yanzu,
ƙila gwiwa na damunta kamar ni.
Ba ta san hannun rigarta yana Sakkwato ba,
Asabar ɗin nan ma
zai je biki Runjin Sambo.