Gidan da Ba Murhu

A sabuwar unguwa, can gefen Temuko,
aka miƙa wa kakata Eduvina mabuɗi.
Ta shiga, ta leƙa lungu-lungu,
ta juyo ta ce, "To, ina murhun?"

Nahuel magini ya ƙwanƙwasa bango:
"Iya, ji kauri.
Gashin tumaki muka cusa masa.
Tagar nan kuwa arewa take kallo,
rana za ta wuni a ɗakinki."

Shekara sittin tana faskare,
hayaƙin ɗanyen ice ya tare a ƙirjinta
kamar baƙon da bai san sallama ba.

Yuli ya zo da ruwa, da sanyi mai cin ƙashi.
Ta sa safa biyu, ta kwanta tana jiran sa.
Shiru.
Gilashi biyu, iska a tsakani,
ko gumi tagar ba ta yi ba.

Takardar kuɗin wuta ta iso,
ta karanta har sau uku,
ta ce lallai ta maƙwabta ce.

Tari ya lafa.
Gatarin dai yana bayan ƙofa, ta shafe shi da mai,
kuma da asuba hannunta
yakan lalubi ashana
kafin ta tuna.