Goma Suka Shiga

Kafin ladanin unguwarmu ya gyara murya
na riga na tsaya gaban famfo
ina dirje hannu har gwiwa,
minti biyar, babu ragi,
alwalar da Madam Astawabi ke limancinta.
Da yatsa ya shafi bakin tasa
sai ta ce, koma.
Sau huɗu na koma a ranar farko,
har fatata ta yi fushi da ni.

Littafin da Faransanci yake magana,
ni kuwa da Hausa nake jin tsoro.
In wuta ta ɗauke a Garwa
sai in jera cokulan Inna a faifai:
wannan hantsaki, wannan mai datse jini,
ludayi shi ke riƙe bakin ciki a buɗe.
Ƙanena Sanda ya zama likita,
ya miƙo tafi ba ya kallona,
in na dame ya ce na kashe masa mutum.

Ran Talata aka ba ni tebur na gaske.
Matar daga Pitowa aka kawo ta,
ban ga fuskarta ba, koren zane ya rufe.
Auduga goma suka shiga.
Na ƙirga tara.
Na sake ƙirgawa, tara ɗin dai,
ga Dokta Hamadiko ya ɗaga allura zai ɗinke.
Wace ce ni? 'Yar aji biyu,
wadda ko kuɗin zango ba ta gama biya ba.
Harshena ya yi nauyin dutsen niƙa,
na dai ce: saura ɗaya.

Ya dube ni ta saman takunkumi
irin duban da ake wa ƙuda a nono.
Ya mai da hannu, ya laluba,
ɗakin ya yi tsit sai kukan na'ura.
Can bayan hanji ta kwanta,
ta sha jini har ta koma kamar tsoka.
Bai ce sannu ba.
Ya ce, ƙirga kuma.
Goma.
Ban taɓa jin daɗin wata kalma haka ba.

Zango na gaba aka kai mu ɗakin duhu,
inda ake sauraron jijiya.
Ja ba ya nufin lafiya, in ji malam,
shuɗi ba ya nufin ciwo:
ɗaya mai tahowa gare ka ne, ɗaya mai barinka.
Na rubuta, ban gane ba
sai ranar Baba Ɗan'azumi mai fito,
da ƙafarsa ta hagu mai sanyin randa.

Na shafa masa mai a cinya, na ɗora kan na'ura.
Fuu-ta, fuu-ta, ɗakin ya cika.
Tsoho ya yi dariya da haƙoransa uku:
'Yata, ai Binuwai ne wannan, tsakiyar damina!
Na gangara gwiwa. Na gangara ƙwauri.
Ƙarar ta sirance,
ta koma tsiyayar tulu mai tsaga,
daga nan na nema, na karkata hannu, na nema.
Ɗaliba ba ta faɗin sakamako, doka ce.
Shi ya riga ni.
Nan kam rani ya yi, ya ce,
kwalekwale ba ya wuce yashi.
Ya ja wandonsa ya rufe, a hankali,
kamar mai lulluɓe yaro.

Da yamma ɗan babur ya bi da ni ta gada.
Dorina biyu, kunnuwa kawai a waje.
Ban san abin da ke ƙarƙashin ruwan ba,
amma yanzu na san ana iya tambayarsa.

A gida Inna ta miƙe ƙafa tana tsince zogale.
Na ɗora yatsu biyu a bayan idon sawunta.
Me kike nema? ta ce.
Na ce, yi shiru, Inna,
ƙirga nake.