Kwaɗo a Ƙofa

Sunana Eusebio, mai manna tayil,
daga wani ƙauye a bayan Alicante.
Gwiwoyina sun yi kanta tun ina saurayi,
su ne takardar shaidata.

Inda gonar lemon tsoho Baltasar take a da
suka kafa allo mai hoton teku,
alhali teku na can, tafiyar awa guda.
Gidaje ɗari uku, in ji allon, da tafkin ninƙaya.
Mai kamfani ya dafa kafaɗata, ya ce ɗan'uwa,
kuɗi sai an rufe hawa na huɗu.
Na ɗauki yara shida, na ciyo bashin siminti.
Wata goma sha huɗu muna durƙushe:
banɗaki tamanin da bakwai,
duk shuɗi, layi bai kauce ko da gashi ba.

Wata Litinin muka tarar da kwaɗo a ƙofa.
Wayar ɗan'uwa ta daina shiga.

Lauyata, Maite Olcina, ta zana mini layin a bayan ambulan:
banki ne a gaba,
sai hukumar haraji,
sai wasu masu hatimi da ban taɓa ganin ƙura a takalminsu ba,
sannan mu, masu farin gari a gashin hanci.
Lambata ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Na ce, mu da muka ɗora ginin?
Ta ce, kotu ba ta awon gumi, takarda take aunawa.

Aka ɗage zama saboda hutun bazara.
Aka ɗage don alƙali ya samu canjin gari.
Aka ɗage don kamfanin ya sake suna,
kamar maciji ya bar mana saɓa mu riƙe.

Nicanor, ƙaramin yarana, kan zo duk Juma'a,
ya sha kofi, ya tambayi lafiyar Remedios,
ya juya hula a hannu, ya tafi.
Bai taɓa furta kalmar ba.
Da ma ya zage ni.
Na sayar da motar aiki na sallame su rabi-rabi.

A shekara ta biyar, cikin dare,
na tsallake waya da kurfi da guduma.
Ciyawa ta kai ƙugu a falon mutanen da ba su zo ba.
Ruwan sama ya taru a tafkin ninƙaya,
kwaɗi na ta biki a ciki,
su kaɗai suka tare a unguwar.
Na ce bari in kwashe abina.
Na sa kurfi, na buga.
Ya tsage. Na biyu ya tsage. Na goma ya tsage.
Hannuna ne ya ci amanata:
na manna su da gaskiya, sun ƙi biyo ni.
Ɗaya tak ya fito lafiya
kafin fitilar mai gadi ta haske mini fuska.

Wannan shari'ar ba ta sha ɗagi ba.
Wata uku aka yanke:
abin da aka manna wa bango, na bango ne,
bango kuwa na banki.
Na biya tara.

Tawa ta ƙare a shekara ta tara.
Na yi nasara, in ji Maite, ba ta dube ni ba:
huɗu cikin ɗari,
in an samu mai sayen kangon.

Tayil ɗin nan yana kan teburinmu.
Mai gadi ya ga na cusa shi a riga, ya kau da kai.
Remedios na ɗora masa tukunya mai zafi.
Bai taɓa tsagewa ba.
Wani lokaci in an kwashe kwanuka
nakan shafa gefensa da babban yatsa,
in ji inda simintina ya bushe a bayansa.