Man Kirfa a Matara

Kwana goma sha tara sama ba ta rufe baki ba,
Matara ta jiƙe har ƙashi.
Piyasili ta tura hannu cikin buhun shinkafa,
ta ji ɗumi irin na mai zazzaɓi.
Ta san ɗumin nan.
Bara ma haka funfuna ta shigo,
ba sallama, kamar ɓarawon da ya san gida,
ta ci buhu huɗu, ta haɗa da kuɗin makarantar Nimesha.

Bana tsohuwa ba ta jira rana ba.
Ta haura gonar Gunadasa mai kirfa,
inda ganye ke dahuwa a tukunyar tagulla,
mai na sauka
ɗis,
ɗis,
kamar bashin da ake biya da ƙyar.

Kwalba guda, tsawon yatsa.
Ta yayyaga tsohon zanenta,
ta ɗiga wa kowane tsumma,
ta cusa tsakanin buhu da buhu, ta ja ƙofa.

Ruwa bai fasa ba.
Ɗakin ajiya na ƙamshin shayi.
"Kaka, zai yi?"
Ba ta amsa ba.
Ranar Laraba ta sake tura hannu har gwiwa,
ta daɗe ba ta zaro ba.
Sanyi.