Fitila ta Bakwai

A Jidda tawada ba ta son bushewa.
Daga Sana'iyya ba ka hango teku,
amma numfashinsa kan shigo ta ƙarƙashin ƙofa
ya kwanta kan takarda kamar gumin mai zazzaɓi.
Shi ya sa aka rataya fitilu goma sha biyu
a bakin injin, inda kwali ke fitowa a jiƙe,
dogaye, sirara, kamar karan dawa na gilashi.

Ranar da na fara, Usta Jazuli, mutumin Mai Wurno,
ya ce, "Nomau, kada jan nan ya ruɗe ka.
Wanda kake gani ado ne.
Hasken da ke aikin, ido bai san shi ba,
fata ce ke ganinsa."
Ya kama hannuna, ya juya bayansa sama,
ya ratsa da shi ƙarƙashinsu
kamar mai waina tana gwada tanda.

Kakana marubuci ne a Zurmi.
In ya kai ƙarshen shafi
sai ya barbaɗa rairayi mai laushi,
ya hura, ya jingina da bango,
ya bar baƙaƙen su sha iska har azahar.
Ni daƙiƙa uku aka ba ni.

Kwalin dabino muke bugawa,
kore da ruwan zinari, tsarabar alhazai.
Dubu bisa dubu suna wucewa ta cikin zafin
su fito a bushe, suna ƙamshi kamar sabon fenti,
ba wanda zai buɗe su a Gusau
ya ce wa ya tsaya a kansu.

Daren Talata, wajen ƙarfe biyu,
na ɗaga ɗaya, babban yatsana ya koma kore.
Na ɗaga na biyu, ya taso da na uku a manne.
Na dubi fitilu: ja, ja, ja,
layi guda, babu giɓi.
Na kashe bel. Fanka kaɗai ke magana.

Sai na juya bayan hannuna.
Ɗaya, zafi. Biyu, zafi.
Gashin hannuna na ƙauri.
Shida, zafi.
Bakwai,
sanyi, faɗin yatsu huɗu,
kamar inda haƙori ya fita.

Ashe ta mutu tun ɗazu a tsakiyar 'yan'uwanta,
na dama da na hagu suna ranta mata ja,
daga nesa kowa na cewa lafiya lau take.
Na san mutane haka a ɗakinmu na Karantina,
mu takwas, katifa shida.

Kwali ɗari tara suka tafi bola.
Da asuba Jazuli ya zo da sabuwa a cikin soso,
ya riƙe ta da ƙyalle, wai maiƙon yatsa na ƙona gilashi,
bai yi faɗa ba, ya ce, "Hannunka ya fara karatu."
Rabin asarar daga albashina.

Na ɓoye guda cikin rigata.
Sati guda ya yi a taga kafin ya bushe,
irin bushewar kakana.
Na cika shi da ajwa, na ba wani alhaji ya kai wa Inna.
Cikin duk abin da na buga shekara huɗu,
shi kaɗai ke ɗauke da yatsana.