Daren Lodi a Agege

Mu tara ne, babura takwas,
don na Sabi'u har yau yana kan benci,
an zare hanjinsa an baza a faranti,
Baba Kunle na lallaɓa shi da sifana
kamar mai cire ƙaya a tafin jinjiri.

Wata bakwai muna zubin adashe.
Ni ke riƙe da littafi,
littafin da ruwan Yuli ya jiƙa a aljihuna
har sunan Namadi ya narke cikin na Ilu,
yanzu kowannensu na rantsuwa shi ya biya.

Taswira na manne a bangon gareji
tsakanin kalandar mai baƙin mai
da lambar wayar mai gidan haya.
Jan biro ya tashi daga Agege,
ya bi Ilori, ya haye Kwara,
ya ratsa Kwantagora, ya sha iska a Sakkwato,
ya ɗan ƙara gaba, sai ya tsaya cak,
don takardar ce ta ƙare.
Can muka nufa, inda takarda ta ƙare.

Ran Lahadi mukan sauka Badagiri
mu koyi yashi a bakin teku.
Yashin nan mai kunya ne, jiƙaƙƙe,
ka faɗi ya tare ka, masunta su ƙyalƙyale,
ka kaɗe wando ka sayi kwakwa.
Haladu ke ba da karatu:
rage iskar taya, miƙe kan ƙafafunka,
in gaba ya fara rawa ƙara masa wuta.
Haladun ma a waya ya gani.

Lissafi ya hana ni barci.
Lita nawa tsakanin rijiya da rijiya?
Jarka nawa babur zai goya bai durƙusa ba?
An kwana uku ana musu
ko ruwa ne gaba ko fetur.
Na rubuta sarƙa, fulogi, faci da famfo,
igiya, tocila, garin rogo, ƙuli-ƙuli,
na soke katifa, na soke rediyon Ilu,
ya yi fushi, ya dawo da shi a ɓoye.

Da magariba Inna ta leƙo,
ita da ta zo Ikko a bayan motar shanu
da ni a ciki, da tabarma ɗaya.
Ta dubi tayoyi masu haƙora, ta riƙe haɓa:
"Abin da muka guje wa da ƙafa,
shi za ku biya kuɗi ku je kallo?"
Ba wanda ya tanka.
Sai ta ja kujera.
"Ruwa kurɓa ake, ba a ƙoshi.
In kun ɓace kada ku watse,
ku zauna a inuwar ƙarafunku har la'asar.
Wanda ya riga kowa gudu a can
shi ake fara nema."
Ta warware yadi kamu biyar,
ta naɗa wa Baba Kunle har ido kawai ya rage,
ya dubi madubin babur bai gane kansa ba.

Da za ta fita ta kira ni gefe,
ta faɗi sunan wani ƙauye
da na duba taswira kaf ban samu ba.
Ta danƙa min gwangwanin madara, wankakke:
"In ka bi ta nan, ciko min."

Ƙarfe biyun dare sama ta ɓalle.
Kwata ta cika ta shigo mana har idon sawu,
muna ɗaga jarkoki sama, muna dariya,
masu zuwa neman ƙishirwa, ruwa na kora.
Cikin wannan ne babur ɗin Sabi'u
ya yi tari sau biyu, ya kama.

Na buɗe littafi a hasken fitilarsa,
ƙasan sarƙa, ƙasan faci, ƙasan igiya,
na ƙara layi:
gwangwani ɗaya, babu komai ciki.