Aron Hanci

Damaris ta zo rumfata da kwalba naɗe a zane,
bayan la'asar, kasuwar Marwa ta fara watsewa.
Ta ce, "Baba Nomau, ni na dafa, sunansa jin.
Na san ba ka sha. Hancinka na zo aro."
Na ce, to, jin, bari mu ji.

Shekara talatin ina auna kimba da masoro,
ban taɓa alƙalancin abin da ba zan haɗiya ba.
Ta ɗiga uku a tafinta, ta murtsuke,
ta bar zafin ya tashi, sannan ta miƙo.

Wani baƙon ƙanshi ya fara sallama,
kamar katako sabon yanka a shagon kafinta.
'Ya'yan wani itace ne, in ji ta, daga ƙetare.
Ɓawon lemun tsami ya wuce a guje kamar ɗan aike.
Sai furen lalle.

Nan na yi shiru.
Akwai irinsa bayan ɗakin uwata a Mora,
in an yi yayyafi da dare har zaure yake kaiwa.

Ta ce, "Yaya?"
Na ce, dakata, ba su gama shigowa ba.

Kawunta Pagu, da ya rako ta, ya gaji da jira.
Ya kurɓa, ya riƙe a kunci, ya lumshe ido,
maƙogwaro ya hau ya sauka.
"Da ɗaci a ƙarshe," ya ce, "amma ɗaci mai ladabi."
Tazargade ce, na ce masa, a nan ta saya ran Litinin.

Ga hukunci, 'yata.
Kanumfari ya cika baki,
ya miƙe ƙafa a tabarmar kowa. Rage rabi.
Ɗoɗɗoyar da rana tsaka kika tsinka, ta galabaita;
ki je mata da asuba.
Jema ban ji ta ba sam,
wani ya sayar miki da ciyawa.
Furen kuwa, kada ki taɓa shi.

Ta rubuta a bayan wani tsohon rasit.
Pagu ya nemi ƙari, wai don ya tabbatar.
Ta toshe kwalba.
Suka hau babur suka yi wajen gadar Kaliyawo.

Na yi alwala, na rufe rumfa.
A hanya na ratse gidan Hajja Dudu
na tambaya ko lallenta ya yi fure bana.